Ciyawar da ta ƙosar da tumakin Ostireliya, ta kuma mayar da su juya

A farkon shekarun 1940 masu kiwon tumaki a jihar Ostireliya ta Yamma suka shiga wani hali da ya ɗaure musu kai. Tumakinsu a ƙoshe suke, ulu ya cika musu baya, makiyaya kuma ta yi kore shar yadda iyayensu ba su taɓa gani ba a waɗannan gonaki. An sake wa tumakin raguna a kan kari, an kuma ga barbara da ido. Sai wata biyar ya cika, a duba, galibinsu ba ciki. A garkunan da abin ya fi muni, tumaki 100 ba sa ba da 'ya'ya 30. Waɗanda suka ɗauki cikin ma ba duka suka sauka lafiya ba. Naƙuda takan zo amma mahaifar ba ta da ƙarfin turo ɗan, sai ya mutu a ciki, wani lokaci ya tafi da uwar. Wasu kuma mahaifar ce ke zazzagowa waje, ba ma a lokacin haihuwa ba, watanni bayanta.

Abin bai tsaya kan masu ciki ba. Tunkiyar da rago bai taɓa hawa ba sai a ga hantsarta ta ciko, a matsa a ga nono. Dandaƙaƙƙun raguna, waɗanda ake ajiyewa domin ulu kawai, kan nononsu ya yi tsawo, wasu har suna tsattsafar da ruwan nono, wasu kuma hanyar fitsarinsu ta toshe su mutu. Ragunan barbara kuwa lafiyarsu lau, maniyyinsu bai taɓu ba. Ba annoba ba ce, domin ba ta tsallakawa daga wannan garke zuwa wancan. Ba kuma yunwa ba ce. Abu ɗaya ya haɗa gonakin da abin ya shafa: dukkansu sun shuka wata ciyawa da ake yi wa kallon arzikin ƙasar.

Sunanta kuloba mai binne iri. 'Yar asalin ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ce, dangin wake, kuma kamar gyaɗa take yi: in ta gama fure sai ta sunkuyar da kanta ta tura 'ya'yanta cikin turɓaya. Shekara ɗaya take rayuwa. Ta tsiro da ruwan farko, ta yi iri, ta bushe, irin ya kwanta a ƙasa har ruwa ya dawo. Cikin kayan Turawa ta ɓuya ta shiga Ostireliya, ba wanda ya kai ta da niyyar noma. A 1889 wani manomi mai suna Amos Howard ya lura da ita kusa da garin Mount Barker a Ostireliya ta Kudu. Ya yi shekaru yana faman tattara irinta da tallata shi, har ya fara sayarwa a farkon shekarun 1900.

Sai ka san ƙasar wurin kafin ka gane dalilin da ya sa manoma suka karɓe ta hannu bibbiyu. Kudancin Ostireliya tsohuwar ƙasa ce da ta gaji, da yawanta rairayi ne da tsakuwa, ba fosfaras ba naitirojin, sinadaran da tsiro ke bukata daga ƙasa. Ruwan sama da sanyi yake sauka, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sannan a shiga rani mai tsawo da zafi. Kuloba tana da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarta inda wasu ƙwayoyin halitta ke kamo naitirojin daga iska, ƙasa ta amfana. Abin da take nema kawai fosfaras ne, shi kuwa takin sufa yana bayarwa. Da aka haɗa biyun nan, gonar da a da ba ta iya riƙe 'yan tumaki kaɗan sai da ƙyar ta koma tana riƙe garke, alkamar da aka shuka bayan kuloba ita ma ta ƙara albarka. An kiyasta cewa an shuka ta a kan hekta kusan miliyan 29 a kudancin ƙasar. Duk wanda zai ba da labarin illarta, adalci shi ne ya fara da wannan. Ciyawar ta yi wa ƙasar alheri mai yawa, kuma har gobe tana yi.

A Ostireliya ta Yamma, musamman yankunan alkama da ke nesa da gaɓar teku, damina gajera ce. Ana bukatar iri mai saurin nuna. Aka samu wani da ake kira Dwalganup, ya fara bazuwa daga ƙarshen shekarun 1920. Da yake ƙasar ba ta da naitirojin, sauran ciyayi ba su iya gogayya da shi ba a shekarun farko, sai makiyaya ta zama kusan kuloba zalla. Tunkiya ta wayi gari ta ci kuloba, ta yini tana ci, wata da watanni. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Dutsen da ake yin sufa da shi daga tsibiran Nauru da Banaba na tekun Pasifik ake ɗauko shi. Jiragen ruwan yaƙi na Jamus suka kai wa Nauru hari a Disambar 1940, Japan kuma ta mamaye tsibiran biyu a 1942. Taki ya yi wuya, aka koma rabon shi da awo. Daga baya bincike ya nuna cewa kulobar da ta rasa fosfaras ta fi tara sinadaran da suka haddasa wannan ɓarna a ganyenta. Iri mai illa, makiyaya da ba gauraye, ga kuma ƙarancin taki, duk suka haɗu a lokaci guda.

Mutum uku ne suka fara bayyana ciwon a rubuce: Harold Bennetts, likitan dabbobi na ma'aikatar gona ta jihar, da Eric Underwood, da F. L. Shier. Biyun farko ba baƙi ba ne a irin wannan aiki. Bennetts ne ya gano cewa rashin sinadarin tagulla ke sa 'yan raguna shanyewar ƙafa a wasu yankunan jihar, Underwood kuma yana cikin waɗanda suka gano cewa rashin sinadarin kobal ke sa dabbobi ramewa suna tsaye cikin ciyawa. Mutanen da suka saba neman abin da ya yi ƙaranci a abinci ne, wannan karo kuwa abin da ya yi yawa suka tarar. Da suka buɗe mahaifar tumakin da suka kamu, sai suka ga bangonta cike da 'yan ƙuraje masu ruwa, irin waɗanda ake gani a dabbar gwaji in an daɗe ana ɗura mata istirojin, wato homon (sinadarin da jiki ke yi ya aika ta cikin jini) ɗin mace da ke kawo sha'awar barbara, ya shirya mahaifa, ya ciko da hantsa. Nonon da ke fita daga dandaƙaƙƙen rago ma wajen nan yake nuni. A 1946 suka buga rahotonsu a mujallar likitocin dabbobi ta Ostireliya. Kafin shekarun 1940 su ƙare, an tatsi ruwan ganyen an ba dabbobin gwaji, mahaifarsu ta kumbura kamar an yi musu allurar homon.

A wancan zamani tunanin cewa ganye zai iya yin aikin homon a jikin dabba har ya hana ta haihuwa baƙon abu ne. Amma a daidai lokacin wani abu mai kama da shi yana faruwa a Amurka, can kuma da hannun mutum. A 1938 aka haɗa wani istirojin na roba a Ingila, mai suna DES. A 1947 hukumomin Amurka suka yarda a riƙa cusa ƙwayarsa ƙarƙashin fatar wuyan zakaru domin su yi kitse, namansu ya yi laushi. In an yanka, kai da wuya sukan tafi gonakin da ake kiwon wata dabba mai suna mink, wadda ake ajiyewa saboda fatarta. Wajen 1950 masu wannan kiwo suka fara kukan cewa dabbobinsu sun daina haihuwa, har maganar ta kai majalisar dokoki. An hana amfani da DES a kaji a 1959, a shanu kuma sai 1979. Jikin dabba ba ruwansa da inda homon ya fito, ko kwalba ko saura, aikinsa zai yi.

Sanin cewa akwai wani abu a ganyen daban, sanin ko mene ne shi daban. Nan ne aka yi shekaru ana bin sawun da ba shi ba. A 1951 masana biyu, Bradbury da White, suka ware sinadarai daga ganyen kuloba, cikinsu har da jenistin da fomononetin. Aka gwada a kan ɓeraye. Jenistin ya kumbura mahaifar ɓera, fomononetin kuwa kusan bai yi komai ba. Kowa ya ce an kama ɓarawo. Sai dai lissafin ya ƙi fita a gona: akwai irin kulobar da ke cike da jenistin amma tumakin da ke cin sa suna haihuwarsu lafiya, akwai kuma wanda bai fi shi jenistin ba amma yana ta ɓarna.

Waɗanda suka warware ƙullin sun yi abu mai sauƙi ne, suka bar ɓera suka koma kan dabbar da abin ya shafa. A Jami'ar Ostireliya ta Yamma, Millington da Francis da McKeown suka shuka ire-iren kuloba daban-daban, kowanne a filinsa. Sai a ɗauko dandaƙaƙƙun raguna, a kwantar da kowanne, a auna tsawon kan nononsa da ma'auni mai lissafin milimita, a rubuta. A sake su cikin fili ɗaya su yi 'yan kwanaki suna ci, a sake kamawa a auna. Yadda kan nonon ya ƙaru, haka ƙarfin homon ɗin da ke cikin wannan iri yake. Sakamakon da suka buga a 1964 ya nuna tsawon ba ya bin yawan jenistin ko kaɗan. Fomononetin yake bi, wanda aka riga aka wanke. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Dalilin yana cikin tumbi. Ɓera cikinsa ɗaya ne, abin da ya haɗiya shi ke shiga jininsa. Tunkiya kuwa mai tuƙa ce, duk abin da ta ci sai ya fara zama a tumbi, inda ƙananan halittu da ido ba ya gani suke dagargaza shi su sauya masa kama. Jenistin in ya shiga tumbin da ya saba da shi na 'yan kwanaki, waɗannan halittu sukan farfasa shi ya zama abin da ba ya cutarwa. Fomononetin kuwa akasin haka suke yi masa. Su mayar da shi wani sinadari mai suna daizin, daga nan su mayar da shi wani mai suna ikwal, shi kuma ikwal ya shiga jini ya je ya zauna a gurbin da istirojin ke zama a mahaifa da hantsa da ƙwaƙwalwa. Wasu masana biyu, Shutt da Braden, ne suka tabbatar da muhimmancin ikwal a wannan ciwo a 1968, ko da yake an san sinadarin tun 1932, lokacin da aka fara samun sa a fitsarin goɗiya mai ciki. Ƙarfinsa bai kama ƙafar istirojin na jiki ba. Amma tunkiyar da ke kan irin wannan makiyaya tana haɗiyar fomononetin giram-giram kowace rana, alhali homon ɗin jikinta da ɗan mitsitsin abu yake aiki. Yawan ya rufe rashin ƙarfin.

Shekara 18 ke nan tsakanin rahoton farko da gano ainihin sinadarin, kuma a tsawon lokacin tumaki suna ta ci. A ganina wannan ne wurin da ya fi cancanta a tsaya a kai a duk labarin. Gwajin ɓeran ba ƙarya ya yi ba, amsar ɓera ya bayar. Duk sakamakon da aka samo daga wata dabba, ko wata ƙasa, ko wani irin abinci, sai an sake tambayar dabbar da za a ba kafin a dogara da shi.

Da aka ci gaba da bincike sai aka gane ciwon iri biyu ne. Akwai mai wucewa: tunkiyar da ke cin ɗanyar kuloba a lokacin barbara takan saki ƙwai kaɗan, tagwaye su ragu, wasu su ƙi ɗauka. In aka janye ta daga makiyayar, cikin mako 4 zuwa 6 takan koma daidai. Shanu ma irin wannan suke samu, kuma nasu bai kai na tumaki ba. Sannan akwai wanda ba ya wucewa, shi ne ya karya manoma. A yawancin gonakin yankin da rani ake barbara, lokacin da kuloba ta riga ta bushe, busasshiyar da ta mutu a tsaye kuwa ba ta da wannan ƙarfi. Ke nan a ranar da rago ya hau tunkiya babu wani homon na ganye a jininta. An riga an yi ɓarnar tun da damina, da daminar bara, da ta bara waccan, kowace shekara tana ɗorawa a kan ta baya.

A bakin mahaifa ɓarnar take. Na tunkiya dogo ne, mai lanƙwashe-lanƙwashe, cikinsa duk ninki ne. In lokacin barbara ya zo yakan fitar da wani ruwa mai yauƙi, wanda in ka ɗiba tsakanin gilasai biyu ka raba su a hankali zai miƙe ya yi zare mai tsawo kafin ya tsinke. Wannan zaren shi ne hanyar da ƙwayoyin maniyyi ke bi. Suna bin tsawonsa su shige cikin ninkin, su fake a can, sannan su riƙa fita kaɗan-kaɗan zuwa sama har sa'ar da ƙwai zai sauko. A tunkiyar da ta daɗe a kan kuloba mai illa, ninkin yakan manne da juna ya shafe, bangon ya koma kamar na cikin mahaifa, ruwan kuma ya tsinke, ka ɗaga shi ya yanke nan take ba zare. Maniyyi ya shiga ya rasa hanya. A 1967 Lightfoot da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin maniyyin da ke isa inda ƙwai yake a irin waɗannan tumaki kaɗan ne ƙwarai. Norman Adams na hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CSIRO, wanda ya yi shekaru a kan wannan ciwo, ya bayyana abin da ke ƙarƙashinsa: istirojin in ya daɗe yana aiki a jikin babbar tunkiya, yakan sake tayar da aikin bambanta mace da namiji wanda ya kamata a ce ya ƙare tun tana cikin uwarta, ya ɗan karkatar da gaɓoɓinta zuwa siffar namiji. Abin da aka sake wa gini kuwa ba ya komawa don an canja abinci.

Wannan tunkiya a ido ba ta da aibu. Tana neman rago a kan lokaci, tana tsaya masa, tana sakin ƙwai lafiyayye. In aka tsallake bakin mahaifar aka zuba maniyyi kai tsaye a ciki, ƙwan yakan haɗu. Shi ya sa magungunan homon ba su fisshe ta ba. Ostireliya ba ta rasa gwanaye a wannan fanni ba. A Jami'ar Sidni ne T. J. Robinson ya ƙirƙiro soson da ake jiƙawa da homon a sa wa tunkiya domin garke duka ya nemi rago a lokaci ɗaya, a shekarun 1960. Akwai kuma allurar da ake samowa daga jinin goɗiya mai ciki, mai sa a saki ƙwai da yawa. Duka biyun suna aiki, amma aikinsu kawo sha'awa ne da sakin ƙwai, waɗannan kuwa tunkiyar ba ta rasa su ba. An gwada yi wa tumaki rigakafin da zai sa jininsu ya kama sinadarin kafin ya yi aiki, bai kai ga zama abin da manomi zai saya ba. Zuba maniyyi ta hanyar huda ciki da na'ura yana yiwuwa, amma aikin tumaki masu tsada ne, ba na garken dubbai ba.

Wannan kuloba ba ta tsirowa a ƙasar Hausa, ruwan sanyi take so. Amma halin da ya sa aka daɗe ba a gano ta ba muna da shi. Dabba ta ƙi ɗaukar ciki, abin da ake fara tambaya shi ne wace allura za a yi mata, ba kasafai ake fara leƙa kwamin abincinta ba, balle in tana da ƙiba. Ga angurya a gabanmu. Ka fasa ƙwayarta ka duba da kyau, za ka ga ɗige-ɗige masu duhu a cikin tsokar. A nan sinadarin gosifol yake. Shi ba homon ba ne, hanyarsa daban, amma inda yake taɓawa ɗaya ne: yana lalata ƙwayoyin maniyyi, ya rage musu motsi, musamman a bijimai da raguna masu tasowa. Babbar dabba mai cikakken tumbi tana iya ɗaure kaso mai yawa na gosifol ya fita bai cutar ba, amma 'yan maruƙa da 'yan raguna da kaji ba su da wannan kariya. Kazar da aka cika wa shi, gwaiduwar ƙwanta takan sauya launi in ƙwan ya kwana biyu, ƙyanƙyasa kuma ta ragu. Ragon da ake turkewa domin Layya ba a neman iri daga gare shi, don haka wannan bai dame shi ba. Damuwar tana kan ragon barbara da ke cin abinci a kwami ɗaya da shi. Kuma da yake ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan mako 7 kafin ta gama ginuwa a jikin rago, kusan wata 2 a jikin bijimi, abin da aka ci yau sai bayan watanni ake ganin sakamakonsa, lokacin da mai dabba ya manta da buhun da ya saya. Sa'ar da aka yi, illar gosifol a namiji takan warware in an janye shi. Masarar da ta yi fumfuna ma tana iya ɗauke da wata guba mai aikin istirojin. Ba cewa nake a daina ba da angurya ba, abinci ne mai gina jiki kuma mai sauƙin samu. Cewa nake a san wa ake ba, nawa ake ba shi, kuma a rubuta.

A Ostireliya dai maganin daga gona ya fito. Da aka san sunan sinadarin, sai aka samu hanyar auna shi a ganye cikin sauri, aka bi ire-iren kuloba ɗaya bayan ɗaya. Huɗu suka fito a matsayin manyan masu laifi: Dwalganup, Yarloop, Dinninup da Geraldton, waɗanda fomononetin ɗinsu kan kai kashi 1 cikin 100 na busasshen ganye, wani lokaci ya haura. Aka tsayar da cewa abin da bai kai 0.3 cikin 100 ba shi ne mai aminci, masu fitar da sabon iri kuma suka ɗaure kansu da 0.2. Yunƙurin farko bai yi nasara ba. An ɗauki Geraldton an sa masa sinadarin da ke sauya ƙwayar gado, aka samu wani iri mai suna Uniwager wanda kusan ba shi da sinadaran, amma a gona ya kasa tsayawa da ƙafarsa, bai karɓu ba. Manomi ba zai shuka ciyawar da ba ta cika fili ba don kawai ba ta da illa. Sai da aka koma zaɓe da haɗa iri cikin haƙuri kafin a samu waɗanda suka haɗa aminci da yabanya: Trikkala domin wuraren da ruwa ke kwanciya inda Yarloop ya yi kaka-gida, da Nungarin domin yankuna masu gajeren ruwa, duka a shekarun 1970, sai Dalkeith a 1983. A hankali kuma naitirojin ɗin da kuloba ta tara ya sa sauran ciyayi suka samu ƙarfi suka gauraya da ita, taki ya dawo, manoma suka koyi raba garke. Ciwon mai tsanani, na zazzagowar mahaifa da mutuwa wajen naƙuda, ya ja baya sosai.

Amma bai tafi ba, ɓuya ya yi. Halin da ya sa aka so kuloba tun farko, wato irinta ya kwanta a ƙasa ya jira ruwa, shi ne ya hana a rabu da tsofaffin ire-iren. Wani kaso na ƙwayoyin yana da ɓawo mai tauri, ba ya tsirowa a shekarar farko ko ta biyu, sai ya yi shekaru a binne. Manomi ya shuka sabon iri a kan tsohuwar makiyaya, bayan 'yan shekaru tsohon ya sake ɓullowa, kuma da yake ya daɗe da sabawa da wurin, sau da yawa shi ke rinjaye. Har yau ana samun ire-iren nan huɗu a makiyayu da dama a kudancin ƙasar, a hannun jikokin waɗanda suka shuka su, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin ciwon a siffarsa ta da ba.

Siffarsa ta yanzu ta fi wuyar kamawa. Ba mutuwa, ba nono a jikin rago da za a gani daga nesa. Sai dai kowace shekara juya su ɗan fi yadda ya kamata, tagwaye su ɗan ragu. Mai garke ya ɗora wa rago laifi, ko yanayi, ko dila. Abin da ke tona asirin shi ne lissafi bisa shekaru. A lafiyayyen garke, tunkiya tana ƙara yawan haihuwa daga ƙuruciya har ta kai tsakiyar shekarunta. A garken da ke kan kuloba mai illa, manyan da ya kamata su fi kowa haihuwa su ne ke komawa baya, domin su suka fi daɗewa suna ci. Wanda bai ware lissafin 'yan shekara 2 daga na 'yan shekara 5 ba, ba zai taɓa ganin wannan ba. Tabbatarwa kuma sai an kai ganye ɗakin gwaji, ko an yanka wasu tsofaffin tumaki likita ya duba bakin mahaifarsu a madubin ƙara girma.

Shi ya sa malaman gona a can suka koma koya wa manoma gane iri da ido: zanen da ke kan ganye, ko reshen yana da gashi ko sumul yake, ko akwai jan zobe a gindin furen, da launin ƙwayar, domin ta Yarloop fara-fara ce, ta sauran ukun baƙa. Filin da aka samu mai illa ya yi yawa a cikinsa, a hana 'yan matan tumaki da masu haihuwa shiga muddin yana ɗanye, a zuba shanu ko 'yan ragunan da za a sayar domin yanka. Ingiricin da aka yanka ɗanye aka busar da sauri, da ciyawar da aka turbuɗe ta yi tsami, su ma ba a yarda da su ba, domin suna iya riƙe sinadarin. In ana son a raba filin da tsohon iri gaba ɗaya, sai a yi shekaru a jere ana noma hatsi a cikinsa ana kashe duk kulobar da ta tsiro kafin ta yi iri, sannan a shuka sabon iri mai takardar shaida, a zuba shi da yawa, a ba shi sufa isasshe. Tumakin da bakin mahaifarsu ya riga ya sauya kuwa ba su da magani, fitar da su ake yi daga garke.